Saƙonnin da Suka Ƙi Isa

Da na gama karatun kwamfuta a Madani, aikin farko da na samu a Sinja ne, a wata ƙungiyar manoman bakin kogi. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Manoman sun bazu daga Sinja har Abu Hujar, masu ayaba da mangwaro da albasa, yawancinsu Hausawa ne irinmu. Injin ruwa ɗaya yakan shayar da gonaki da yawa, saboda haka kowa da ranarsa. Kafin zuwana, shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai yawan tari, shi ke kiran mutane a waya ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu ranar ruwansu. Wani ya manta, wani ya ce ba a kira shi ba, sai rigima a bakin injin.

Abin da na gina musu ba wani abin mamaki ba ne. Tsohuwar kwamfutar hannu ce, da wani ƙaramin akwati mai ɗaukar layukan waya. Duk saƙon da za a aika sai ya shiga layi ya jira, kamar mata a bakin famfo. A cikin manhajar akwai wasu ƙananan sassa da muke kira ma'aikata. Kowane ma'aikaci yakan ɗauki saƙo ɗaya daga gaban layi, ya aika, ya tsaya har kamfanin waya ya amsa cewa ya isa, sannan ya dawo ya ɗauki na gaba. Idan saƙo bai isa ba, sai a mayar da shi layi a sake gwadawa. Akwai kuma ayyukan da na ɗaura wa lokaci, waɗanda ke tashi da kansu: bayan asuba saƙon ranar ruwa, ranar kasuwa farashin albasa, ƙarshen wata tunin gyaran injin. Ma'aikata takwas na sa, kuma sun ishe mu har da saura.

Dattijon ya daɗe bai yarda da abin ba. Yakan tsaya a bayana yana kallon allon, ya kira ni injiniya da Larabci, ya ce, "Muhandisa, ina ma'aikatan nan da kike faɗi? Ni ban ga kowa ba."

"Suna ciki, Baba."

"To, a gaishe su. Ba su neman shayi, ba su neman hutu."

Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ban sani ba a lokacin. Ina kwana ƙauyenmu kusa da Abu Hujar, ina shiga hafila, wato motar haya, da safe. Inna tana alfahari da ni a wurin biki, tana cewa ɗiyarta ce ke gaya wa maza ranar ruwa.

Yayana, wanda shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, yana can arewa a Jazira, yana noma hawasha, wato gonar da mahaifinmu ya bari. Da yaƙi ya matso wajensu, sai ya turo mana matarsa da yaransu uku a bayan wata motar ɗaukar kaya. Shi ya tsaya. Ya ce dawa ta kusa nuna, ba zai bar wa tsuntsaye da ɓarayi wahalar shekara ba, da ya girbe zai biyo su. Mun yi magana da shi sau da yawa bayan haka. Daga baya wayarsa ta daina shiga.

Ba a daɗe ba yaƙin ya iso mu ma. Ranar da muka bar gida, ban ɗauki tufafi masu yawa ba. Na riga na kawo kwamfutar da akwatin layukan gida tun da aka fara rufe kasuwa, sai na naɗe su a cikin zanen Inna, na tura su ƙarƙashin buhun gero. A hanya masu bindiga sun tare mu, suka karɓe wayoyin kowa, har ƴar ƙaramar wayar Inna mai maɓallai. Buhun geron sun caka masa wuƙa daga sama, suka bar shi. Haka muka isa Rusairis, gidan kawuna, ƙanin Inna, wanda yake da ɗakuna uku kuma ya riga ya karɓi wasu dangin kafin mu.

Na yi kwanaki ban taɓa kwamfutar ba. Ranar da na kunna ta da batirin motar kawu, abin da ta fara yi shi ne ta cika layi da duk saƙonnin ranar ruwa da ba ta aika ba tun barinmu Sinja. Tana shirin gaya wa mutanen da suka watse cikin duniya cewa gobe ruwa zai shiga gonarsu. Na yi sauri na tsayar da ma'aikatan, na goge ayyukan lokacin ɗaya bayan ɗaya, na asuba, na kasuwa, na gyaran injin. Shekarun aikina ne na share kafin ruwan shayi ya tafasa.

Matar yayana ce ta kawo shawarar abin da ya biyo baya. Mace ce doguwa, marar yawan magana, ina ce mata Yaya tun ranar da aka kawo ta gidanmu. A Rusairis a lokacin, shabaka, wato sabis ɗin waya, takan zo ne yadda ta ga dama. Wani lokaci da hantsi, wani lokaci bayan la'asar, ta ɗan tsaya ta ɗauke. Masu sauran waya sukan hau tudu su ɗaga hannu sama, kafin kira ya shiga ta tafi. Yawancin ƴan gudun hijira ma ba su da wayar.

Ta ce mini, "Wannan abin naki, ba kin ce yana jira ba? In shabaka ta zo, ya aika da kansa?"

"Haka ne, Yaya."

"To, rubuta wa yayanki. Ki ce muna Rusairis gidan Kawu, yara lafiya lau. Ki bar shi ya yi ta gwadawa."

Na rubuta. Shi ne saƙo na farko a sabon layin. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu a unguwa da makarantar da aka sauke ƴan gudun hijira. Kawu ya ba ni rumfar ƙofar gida, wani maƙwabci ya ara mana faifan sola. Mutane suka riƙa zuwa da lambobi a rubuce a bayan kwalin magani, wasu a ka suka haddace. Tsofaffi su faɗa da Hausa, matasa da Larabci, ni ina bugawa. Kusan duk saƙonnin iri ɗaya ne. Muna wuri kaza, muna da rai, kana ina. In shabaka ta leƙo, ma'aikatan su tashi su yi ta ɗauka, amsoshi su shigo, in karanta wa masu su da yamma.

A farkon abin an ga alheri. Wata tsohuwa ta sami ɗanta a Gadarif. Wani mutum ya ji cewa matarsa ta haihu a hanya kuma duk suna raye, ya zauna a ƙasa a gaban rumfar yana kuka, mutane suna yi masa barka. Na ɗauka na sami abin da zan riƙe.

Amma layin ya yi ta tsawo, kuma yawancin lambobin a kashe suke. Wayar da aka ƙwace, wayar da ba caji, wayar da mai ita ba ya duniya, duk ɗaya suke a wurin kwamfuta. Ma'aikaci zai ɗauki saƙo, ya aika, ya tsaya jiran amsa har lokacin jira ya ƙare, ya mayar da shi layi. A Sinja wannan bai taɓa damuna ba, domin shabaka tana nan dare da rana, kuma lambar da ke kashe ɗaya ce cikin ɗari. A nan kuwa sai in ga duk ma'aikatan takwas sun maƙale a kan matattun lambobi, shabaka ta zo ta wuce, sababbin saƙonni suna baya ba a ko taɓa su ba. Na rage lokacin jira, sai saƙonnin da da sun isa su ma suka riƙa faɗuwa, saboda shabakar tana da nauyi. Na ƙara yawan ma'aikata, kwamfutar ta ɗau zafi ta mutu a tsakiyar aiki, akwatin layukan ma ba ya iya ɗaukar fiye da ƙarfinsa.

Sai wani dattijo daga wajen Sinja ya zo. Matarsa tana kwance a Damazin, ciwon suga ya ci ƙarfinta, ba magani. Ɗansu yana wani ƙauye da bai fi tafiyar yini ba, kuma an tabbatar masa wayar ɗan tana aiki. Ya ce in rubuta, ka zo yanzu, mahaifiyarka tana kiranka. Na rubuta, saƙon ya shiga bayan layi kamar kowa. A lokacin ban da hanyar tura wani gaba da wani, domin ranar ruwa ba ta fi ranar ruwa ba. Washegari na zauna na ƙara wannan hanyar, na ɗaga saƙonsa sama, amma shabaka ba ta zo ba ranar, ba ta zo ba kashegari. Da ta zo saƙon ya tafi nan take, amsa ta dawo, ga ni nan tafe. An riga an binne matar.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya zo rumfar, ya zauna a kan benci, ya ce, "Ɗiyata, ya amsa?"

"Ya amsa, Baba. Yana hanya."

"To, madalla. Ya zo ya ga kabari."

Ya tashi ya tafi yana jan takalmi.

Daga ranar na san abin da ya kamata a yi, kowane mai irin aikina ya sani. Saƙon da ya faɗi, a ƙara masa tazara kafin a sake gwada shi. In ya yi ta faɗuwa har ya kai iyaka, a cire shi daga layi a ajiye gefe, a ba masu rai hanya. A makaranta darasi ne na rabin awa. Na rubuta shi da rana ɗaya, amma na kasa kunna shi, domin na san saƙon da ya fi kowanne faɗuwa. Shi ne na farko da ya shiga.

Na sami Kawu yana gyaran ragar kamun kifi a inuwar gida, na yi masa bayani. Ya saurara har na gama.

"Mi kike so in ce miki?"

"Kawu, in na kunna, saƙon Yaya zai fita daga layi. Da na mutane da yawa."

"In ba ki kunna ba fa?"

"Kowa zai tsaya."

Ya ci gaba da ɗaurin ragarsa. Can ya ce, "Ki gaya mata da bakinki. Kada ta ji a waje."

Kullum bayan la'asar Yaya takan zo rumfar da ƙaramin ɗanta a baya, ta tsaya gefe har mutane su ragu, sannan ta tambaye ni. Ranar ban bari ta tambaya ba. Na jawo ta cikin gida, wajen murhu, na gaya mata komai, har da labarin dattijon. Na ce ba gogewa zan yi ba, ajiyewa ce a gefe.

Ta dube ni. "A gefe ana gwadawa?"

"A'a."

"To, mi ne bambancinsa da gogewa?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Yayanki ne fa. Shi ya sayar da buhunan alkama ya kai ki Madani. Kin manta?"

"Ban manta ba, Yaya."

"Kowa ya ce mini in yi haƙuri, in jira. Ina jira. Abu ɗaya ne a garin nan yake nemansa tare da ni, shi ne na'urar nan taki. Yanzu ita ma kin ce ta gaji."

"Ba gajiya ba ce. Mutane ne a baya suna..."

"Mutane." Ta gyara goyonta. "Ki yi abin da za ki yi. Amma kada ki gaya wa Inna."

Na kunna shi washegari. A zuwan shabaka na farko, saƙonni masu ɗimbin yawa suka zube gefe, layi ya buɗe, sababbi suka fita da gudu. Da yamma amsoshi sun fi na kowace rana. Mutane suna sa mini albarka, ni kuwa ina jin kamar na ci amana. Abin da na iya yi shi ne na ware ma'aikaci ɗaya daga cikin takwas, na ce aikinsa kawai ya riƙa zagaya tarin da aka ajiye, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Tarin yana da yawa har saƙo yakan yi kwanaki kafin a dawo kansa. Na gaya wa Yaya. Ta ce, "Allah ya saka," ba ta dube ni ba. Ba ta sake zuwa rumfar ba.

Wahalar da ban zata ba ita ce ta masu tambaya. Da, in mace ta zo, sai in ce mata yana layi, ana gwadawa, ta tafi da ɗan abin da za ta kwana da shi. Yanzu sai na duba na ga nata yana gefe. Wasu na gaya musu gaskiya. Wata ta ce in mayar da nata layi, na mayar, ya sake faɗuwa ya koma. Wata ta kawo mini ƙwai biyu a ƙulle a bakin mayafi don in sa nata gaba, na ce ta mayar wa yaranta. Wani saurayi ya zage ni da Larabci a gaban mutane, ya ce wa ya ba ni ikon yanke wa ubansa hukunci. Ni ma ban sani ba.

Da damina ta kama, rana ta yi ƙaranci, batirin motar Kawu kuma ya tsufa, ba ya riƙe wuta. Kwamfutar ta fara mutuwa tun kafin azahar. Na rage ma'aikata zuwa huɗu don ta rage cin wuta, daga baya zuwa biyu. Layukan wayar ma suka fara mutuwa, domin da sunan ƙungiya aka yi musu rajista, ba wanda zai sabunta su, shugaban ƙungiyar kuma ban san inda yake ba. Na sa lambarsa a layi tun farko, ita ma ta daɗe da komawa gefe. Da aka zo ma'aikata biyu, ba yadda za a yi ɗaya ya tafi zagayen tarin da ba ya amsawa. Na janye shi wata ranar Talata da safe, ban gaya wa kowa ba sai Kawu.

Inna ba ta taɓa sanin komai game da layi ko gefe ba. Ta dai san ɗiyarta tana neman ɗanta da na'ura. Zazzaɓin damina ya kama ta, ta rame, ta daina cin kisra, wainar dawa da muke ci kullum, sai ɗan kunu. Tana kwance takan ce, "Kin aika masa yau?" In ce na aika. Ta ce, "Ki ce masa ya bar dawar nan hakanan." Ta rasu kafin ruwa ya ɗauke. Kawu da maƙwabta suka kai ta, ɗanta ba ya cikin masu ɗaukar makara.

Bayan sadakar bakwai wani mutumin ƙauyen da ke kusa da hawasharmu ya iso Rusairis. Muka je wurinsa ni da Yaya, shi ne karo na farko da muka jera a hanya tun maganar murhu. Ya ce ya ga yayana bayan girbi, yana loda buhuna a kan amalanken jaki. Wani kuma ya gaya masa an tare masu amalanke a bakin babbar tura'a, wato hanyar ruwan noma, an tafi da wasu, an bar wasu. Bai san ko yayana yana ciki ba. Yaya ta yi ta juya masa tambaya, wace riga ya sa, jakin fari ne ko baƙi, wace rana ce. Mutumin ya ce, "Wallahi, baiwar Allah, iyakar abin da na sani ke nan."

Layin waya na ƙarshe ya mutu ba da daɗewa ba. Na kunna kwamfutar na ga ma'aikatan biyu suna ɗaukar saƙo suna mayarwa, ba ta inda zai fita. Na bar su suna yi na ɗan lokaci, sannan na kashe. Na fito na gaya wa mutanen da ke kan benci cewa aikin ya tsaya. Ba wanda ya yi gardama. Suka karɓi ƴan kwalayensu masu lambobi suka watse, maƙwabcin ya zo da yamma ya kwance faifan solarsa.

Yanzu an ce hanya ta buɗe, wasu sun fara komawa Sinja. Shabaka ma ta ɗan daidaita, na sami wata tsohuwar waya, nakan buga lambar yayana da hannuna, muryar kamfani ta ce a kashe take. Yaya ta ɗauki yaranta ta koma Damazin, tana sayar da shayi da jabana, wato gahawa, a bakin tashar mota. Ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji. Malamai sun gaya mata tsawon lokacin da za ta jira, dangi sun fara yi mata maganar, ta ce kada wanda ya sake tayar mata da ita.

Watan jiya na je ganinta. Ta zuba mini shayi, ta tambayi Kawu da mutanen gida, muka yi hirar tsadar sukari da gawayi. Babbar ɗiyarta, wadda ya kamata a ce tana aji shida, ita ke wanke kofuna a cikin bokiti. Da zan tafi Yaya ta rako ni har bakin hafila. Ta ce ranar Juma'a za ta bi wata mota zuwa Jazira, ta je ta duba da idonta, in zo in zauna da yaran. Na ce mata hanyar ba ta gama lafawa ba. Ta ce ta sani. Na ce to zan zo ranar Alhamis.